Waken Gombe Na Tafiya Kurmi, Yaranta Na Shan Ruwan Koko

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Tudun Hatsi cikin garin Gombe bayan kaka, ya ga yadda 'yan dako ke loda buhunan wake da masara da gyaɗa cikin manyan motoci, waɗanda ba su sauke kayansu sai a Bodija ta Badun, ko Mile 12 ta Ikko, ko Anaca. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi ma su ne ke sauke kayan a can, wasu kuwa su ne dillalan. Waken nan in ya isa, Bayarbiya za ta saya, ta jiƙa, ta surfe, ta kai inji, ta yi alala mai laushi da kifi da manja, ta ba ɗanta ɗan wata takwas. A daidai wannan lokaci kuwa, a Bolari ko Pantami ko Jekadafari, sa'an wannan yaro yana kan cinyar uwarsa ana ɗura masa koko wanda in an tsoma cokali an ɗaga sai ya tsiyaye kamar ruwan randa. A garinsu aka noma waken, amma bai kai bakinsa ba.

Wannan magana ba ta yi wa kowa daɗin ji, amma ƙididdiga ta goyi bayanta. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar cikin shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Da aka rarraba lissafin shiyya-shiyya, sai aka tarar Arewa maso gabas, inda Jihar Gombe take, tana da kashi 49, Arewa maso yamma 57, Kudu maso yamma 25, Kudu maso gabas kuwa 18 kacal. Tsumburewar da likitoci ke nufi dabam take da gajartar gado. Yunwa ce ta yau da gobe haɗe da yawan ciwo, kuma ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa takan taɓa. Galibinta tana aukuwa ne tun daga ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, in kuwa wannan lokaci ya wuce, gyaranta da wuya. Yaron da ya kasa gane karatu a aji uku, sau da yawa tun a kwanon kununsa aka cuce shi.

Ba shakka dalilan suna da yawa. Akwai talauci, akwai rashin ruwa mai tsabta, akwai haihuwa kusa-kusa, akwai ƙarancin ilmin mata. Waɗannan sai gwamnati ta sa hannu. Amma abin da ake sa wa yaro a baki yana hannun uwarsa da kakarsa da mai ba da kuɗin cefane, kuma a nan ne mutumin Arewa mazaunin Kurmi yake da abin da ɗan'uwansa na gida ba shi da shi, domin ya ga yadda gida biyu ke renon 'ya'yansu.

Tilas a ba matan Arewa haƙƙinsu tukuna. Wajen daɗewa ana shayarwa sun yi wa matan Kudu nisa. Mace a Gombe takan ba ɗanta nono shekara ɗaya da rabi har zuwa biyu ba tare da wani ma'aikacin lafiya ya roƙe ta ba, domin haka ta tarar, kuma aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku. A Ikko kuwa, inda mace ke sammakon kasuwa ko ofis, ta kwashe sa'o'i cikin cunkoson motoci, yara da yawa ba su wuce shekara ɗaya da 'yan watanni a nono. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira a yi, watau a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye, tsohuwar Herwagana ta riga ta sani. Kada wani ya dawo daga Kurmi ya ce wannan ƙauyanci ne.

Inda aka fara kuskure shi ne kwanakin farko, kuma a nan kusan kowace ƙabila tana da laifinta. A gidaje da yawa na Arewa har yanzu ana matse dakashi a zubar, wai nono ne marar kyau, a riƙa ba jinjiri ruwa ko rubutu ko nonon akuya har farin nono ya zo. Yarbawa suna da agbo, watau tsimin saiwoyi da ganyaye da ake ɗura wa jariri. A Indiya zuma ake lasa masa. Dakashin nan da ake ƙyama kuwa shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro, cike yake da abubuwan da ke tsare hanjinsa daga cuta. Abin mamaki, Bafillatanin da ba zai taɓa hana ɗan maraƙi dakashin uwarsa ba, sai ka tarar an hana nasa ɗan a cikin gida. Goga ɗan dabino a ganɗar jariri sunna ce, ba mai musu, amma ba ta ce a cika masa ciki da ruwan rijiya ba. Zuma kuwa likitoci sun hana ba yaro ita sai ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da takan ɓuya a ciki wadda hanjin jariri ba ya iya kashewa.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi wuyar shiga kunnen tsofaffi. Cikin watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke hana barci, ka ce wa kaka kada a ba jikanta ruwa har wata shida, sai ta ɗauke ka marar imani. Amma nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, kuma ruwa ne wanda bai bi ta jarkar mai kura ba. Duk cokalin ruwan da aka ba jariri ya tare wurin nono a cikinsa, ya kuma buɗe wa gudawa ƙofa. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar nono zalla na wata shida. A Nijeriya masu bin wannan kashi 17 ne a 2013, suka kai 29 a 2018. Da sauran tafiya, Kudu da Arewa.

To, amma babban ramin da yaran Arewa ke faɗawa yana tsakanin wata shida da shekara biyu ne, lokacin da nono kaɗai ya daina isa. A duba yadda ake koko. A jiƙa gero ko masara, a niƙa, a tace da rariya ko ƙyalle, a kwashe dusar a ba akuya, a bar gasara ta kwanta, sa'an nan a dama da ruwa mai yawa. Don yaro ƙarami ne kuma, sai a ƙara tsinka nasa har ya zama ana iya ɗura shi. Cikin yaro ɗan wata takwas bai fi kofin shayi ɗaya ba. In aka cika wannan ɗan wuri da abin da galibinsa ruwa ne, yaro zai yi shiru, tumbinsa ya tashi, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali kuwa akuyar gidan ta fi shi samun amfanin geron.

Kada a zaci mutanen Kudu da wayonsu aka haife su. Ogi na Yarbawa da akamu na Ibo, duk ɗaya suke da kamun Bahaushe, kuma sun kashe yara ba adadi. Cikin shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a asibitin yara na Ankara a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana wani ciwo da ke kama yaran da aka yaye da kunun masara zalla: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta saɓule. A 1935 ta sa masa sunan da mutanen wurin ke kiransa da harshen Ga, watau kwashiyoko, ciwon yaron da ƙanensa ya ture daga nono. Asibitocin Badun da Ikko sun cika da irin waɗannan yara shekara da shekaru. Abin da ya sāke al'amarin aiki ne aka yi. A ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Ijesha, wani likita David Morley ya fara awon yara wata-wata yana rubutawa a kati tun ƙarshen shekarun 1950, don uwa ta ga da idonta ko ɗanta na hawa ko yana sauka, kuma irin wannan kati ne ake ba mata a asibitocin shan magani na Gombe. Cibiyar binciken masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi ta fito da ogi mai haɗe da waken soya. Ungozomomi suka yi ta nanata wa mata a wurin awo. Yau ga shi mace a Inugu ba ta dama wa ɗanta akamu ba tare da ta barbaɗa garin busasshen jatan lande ko ta zuba madara ba, ta Abekuta kuma tana murmushe kifi cikin miyar ewedu ta haɗa da amala mai laushi tun yaro bai yi haƙori huɗu ba. Koya suka yi, kuma ba su bar abincinsu na gado ba, ƙari kawai suka yi masa.

Abin takaici shi ne Gombe ba ta rasa kome ba cikin abin da za a ƙara. Gari ne da Fulani da Hausawa da Terawa da Bolawa da Tangale da Waja ke zaune tare, ga Yarbawa da Ibo da kasuwanci ya kawo, kowane madafi da abin da ya iya. Kunun gyaɗa, wanda a wannan yanki ba a biki ko azumi sai da shi, ya fi koko nesa ba kusa ba wajen gina jiki, in dai an yi shi da kauri, an kuma tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa mai funfuna an zubar. Ga kindirmo da 'yan matan Fulani ke shigowa da shi kowace safiya. Ga awara a kowane lungu, wadda yara 'yan makaranta ke saye, amma ba a tuna a murmusa wa na goye. Ga kifin Daɗin Kowa, ga kuka, ga zogale, ga kabewa, ga gwanda da mangwaro in lokacinsu ya yi. Mutanen Indiya, waɗanda da yawansu ba su cin nama sam, da shinkafa da ɗan ƙaramin wake dafaffe luguf da man shanu suke fara ciyar da 'ya'yansu, watau dai shinkafa da wake da mai. A Tanzaniya kuwa ma'aikatan lafiya sun koya wa mata zuba ɗan garin tsiron hatsi cikin kunu mai kauri, nan da nan ya saki ya yi ruwa-ruwa ba tare da an ƙara masa ruwa ba. Duk macen da ta iya kunun zaƙi ta san wannan dabara, domin aikin da tsiron shinkafa ko busasshen dankali ke yi ke nan a cikin ƙullu. Ba a dai taɓa ce mata ta yi wa jaririnta ba.

A nan sai a juyo kan maza, domin su ne akasarin masu karanta wannan shafi. Magidanci zai fita da safe ya zauna teburin mai shayi a soya masa ƙwai uku, da dare ya biya wurin mai tsire, sa'an nan ya shiga gida a kawo masa akushi da tsokar da ke cikin miya duka. Ɗansa ɗan shekara ɗaya kuwa sai romo da loma biyu ta tuwo. In aka ce a ba yaro ƙwai, sai a ce zai koyi sata, maganar da ake ji a Kudu da Arewa, ba kuwa wanda ya taɓa nuna ɓarawon da ƙwai ya yi. Ƙwai ɗaya a rana ga yaro ɗan wata tara ya fi masa sabuwar rigar salla amfani. Haka kuma al'adar haɗa yara a kwano ɗaya, mai kyau ce wajen koya zumunci, amma ɗan wata goma sha takwas ba ya iya kokawa da yayyensa 'yan shekara bakwai a kan tuwo mai zafi. Kafin ya huce lomarsa ta farko sun sid̃e kwano. Yana bukatar nasa ƙoƙon, da babba zaune kusa da shi, sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Wata ɓarnar kuma daga Kurmi take zuwa cikin jakar tsaraba. Mutum ya yi wata takwas yana gadi ko dako a Apapa, ya ga matan masu gida suna ba 'ya'yansu madarar gwangwani a bulumboti, sai ya ɗauka wannan ne sirrin ƙibarsu. Ranar komawa gida ya sayi gwangwani biyu da kuɗin guminsa, ya kai wa matarsa yana alfahari. Ita kuwa ta ga abu mai tsada, sai ta riƙa sa cokali ɗaya inda aka ce huɗu don ya daɗe, da ruwan da ba a tafasa ba, cikin bulumbotin da ƙuda ya wuni a kai. Kafin gwangwani na biyu ya ƙare nononta ya ragu, domin nono gwargwadon tsotso yake zuwa, mai gida kuwa ya koma Ikko. Duniya ta daɗe da sanin wannan. Ita Cicely Williams ɗin ta yi jawabi mai zafi a kansa a Singafo tun 1939. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka saboda yadda ake tallar madarar jarirai a ƙasashe matalauta, a 1981 kuma Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙa'idar tallar irin wannan madara, ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke Ministan Lafiya. Madarar gwangwani tana da ranarta, ga marayan da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, ko wanda likita ya ce uwarsa kada ta shayar, a kuma ba shi da kofi mai tsabta bisa awon da aka rubuta. Amma ba tsaraba ba ce.

Sa'an nan ga yaye, wanda ya shafi mazauna Kurmi kai tsaye. Al'ada ce in lokaci ya yi a ɗauki yaro a kai wa kakarsa, kuma tana da hikimarta a zamanin da gidan kaka ke bayan katanga. Yanzu fa? Yaron da aka haifa a Agege ko Sabo ta Shagamu, ya saba da nono da ɗan abin da uwarsa ke ba shi, rana ɗaya a shafa wa nonon maɗaci, a sa shi mota kwana da yini, a sauke shi Tudun Wada hannun tsohuwar da bai taɓa gani ba. Ya rabu da uwa, ya rabu da nono, ya sāke ruwa, ya sāke abinci, duk a mako guda. Ya ƙi cin abinci don ƙunci, gudawa ta biyo baya, sai a ce haƙori ne, ko a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Ya fi muni in kwanika ce ta jawo yayen, domin nan ana cire yaro ne farat ɗaya tun bai shekara ba, bisa zaton nonon mai ciki guba ne. Likitoci sun ce ba guba ba ne, mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa in tana cin abinci sosai. Ramar da ake gani ga irin wannan yaro, cire shin da aka yi ne ya kawo ta, watau dai ciwon nan da mutanen Ankara suka raɗa wa suna. In an ce lalle sai an kai wa kaka, to, a bari ya iya cin abincin gida sosai tukuna, a rage nonon sannu-sannu cikin makonni, uwar kuma ta raka shi ta zauna har ya saba.

Ƙarshen wannan hanya sananne ne ga ma'aikatan lafiya na Gombe. Cikin shekarar 2009, da taimakon Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, Gombe da Kebbi suka zama jihohin farko da aka fara shirin warkar da tamowa a gida, inda uwa ke kai ɗanta awo mako-mako a auna damtsensa da wani ɗan tsiri mai launi, in ya faɗa ja a ba ta ƙunshin wani abinci ta je ta riƙa ba shi. An ƙirƙiro abincin nan a Faransa a 1996, ya yi suna a yunwar Nijar ta 2005 lokacin da aka ceci dubban yara da shi a Maraɗi. Ya ceci rayuka a Gombe da Dukku da Nafada, babu mai ƙaryata wannan. Amma mai karatu ya san abin da ke cikin ƙunshin? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da mai da sukari, da ƙarin sinadaran gina jiki. Shekaru aka yi ana ɗauko shi cikin jirgin ruwa daga Turai, a sauke a Ikko, a yi masa lodi zuwa garin da ke loda gyaɗa zuwa Ikko. Magani ne na yaron da ya riga ya faɗi, kuma ba kullum ake samunsa ba, sai gwamnati ta saki kuɗi. Babban da ya karɓe na ɗansa ya shafa a burodi, ko ya kai kasuwa, shi da Allah.

Mai aiko da kuɗi gida daga Ikko ko Fatakwal, ga abin da ya fi gwangwani. Akwai wani gari da ƙungiyoyin agaji ke koya wa mata a Arewa maso gabas, wanda a Kudu ake kira Tom Brown: awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo uku na waken soya, awo ɗaya na gyaɗa, a gyara, a soya kowanne sama-sama, a haɗa a niƙa, ba tacewa. Duk ana samunsu a Tudun Hatsi a rumfa ɗaya. A riƙa dama shi da kauri, a sa cokalin mai ko manja, ran da aka samu a ƙara garin busasshen kifi ko ƙwai. In ya buga waya gida ya gama tambayar ruwan sama da lafiyar tsofaffi, sai ya ce a ɗebo kunun yaron da cokali a karkata, a faɗa masa ko ya tsaya ko ya zube.